Yadda Ake Tantance Nau'in Ƙarar Madaniyya Kafin a Shigar da Ita Kotu a Najeriya

Ƙararraki da dama a kotunan Najeriya suna faɗuwa ba tare da alƙali ya taɓa duba wane ne mai gaskiya ba, saboda tun ranar farko an laƙaba wa ƙarar sunan da ba nata ba, ko an kai ta kotun da ba ta da hurumin saurarenta, ko kuma an buɗe ta da takardar da ba ta dace da ita ba. Tun a shekarar 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, kotun ƙoli ta wancan zamani ta shimfiɗa ƙa'idar da har yau ake bi: kotu ba ta da ikon yanke hukunci sai idan an kafa ta yadda doka ta tanada, batun da ke gabanta yana cikin huruminta, kuma an shigar da ƙarar ta hanyar da doka ta shata bayan cika duk sharuɗɗan da ke gabanin shigarwa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, duk zaman da aka yi ya tashi a banza komai kyawunsa, kuma wanda ake ƙara yana iya tayar da maganar ko da shari'ar ta kai Kotun Ƙoli bayan shekaru masu yawa.

Abin da ya kamata mai ƙara ya riƙe tun daga farko shi ne, buƙatar da ya gabatar wa kotu ita ce ke tantance nau'in ƙararsa. Tsawon labarinsa da zafin abin da aka yi masa ba su da tasiri a wannan mataki. Daga buƙatar nan ake gane kotun da za a je, da takardar da za a cika, da wa'adin da doka ta bayar, da irin hujjar da za a nema.

Mataki na farko: a raba laifi da haƙƙi

Shari'ar laifi tsakanin hukuma ce da wanda ake tuhuma, kuma ƙarshenta horo ne. Ƙarar madaniyya kuwa tsakanin masu haƙƙi ce, kuma ƙarshenta biyan kuɗi, ko mayar da dukiya, ko tabbatar da mallaka, ko umarnin a yi wani abu ko a daina. Wanda ya ba da kaya bashi a Kantin Kwari aka ƙi biyansa, sau da yawa ofishin 'yan sanda yake fara nufa, alhali sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan irin wannan yana iya wayar gari shi ne ake ƙara a kan tauye 'yanci, ya biya diyya alhali bashinsa yana nan bai fita ba.

Akwai inda abu ɗaya yake da fuska biyu. Wanda aka damƙa wa kaya amana ya sayar ya cinye kuɗin ya aikata cin amana a ƙarƙashin dokar laifuka ta Final Kod, kuma a lokaci guda mai kayan yana da haƙƙin neman kuɗinsa ta ƙarar madaniyya. Haka ma wanda ya ba da cek alhali ya san babu kuɗi a asusunsa. Sai dai mai ƙara ya yi hattara da cusa kalmomin zamba da jabu cikin takardar ƙararsa don kawai ya nuna fushi, domin sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aka zargi mutum da laifi a cikin ƙarar madaniyya, sai an tabbatar da zargin ba tare da wata shakka ba, kamar a shari'ar laifi. Sauran ƙarar kuwa rinjayen hujja kawai take buƙata. Saboda haka wanda zai iya karɓar kuɗinsa ta hanyar nuna rasit da shaidar tura kuɗi, bai kamata ya ɗora wa kansa nauyin tabbatar da zamba ba.

Mataki na biyu: a rubuta babbar buƙata cikin jimla ɗaya

Kafin a je wurin lauya ko rajistaran kotu, mai ƙara ya zauna ya rubuta abin da yake so alƙali ya furta ranar hukunci, cikin jimla ɗaya da ta fara da "Ina roƙon kotu ta". Wannan ɗan aiki shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, kuma misali ɗaya zai nuna dalili.

A ɗauka wani mutum ya rasu a Kano ya bar gida a unguwar da gwamnati ta yanka filaye ta ba da takardun mallaka. Babban ɗansa ya sayar da gidan ba tare da sanin 'yan'uwansa ba, ya karɓi rabin kuɗi, mai sayen ya zuba 'yan haya a ciki, ya kuma rushe katangar da ke tsakaninsa da maƙwabci. Gida ɗaya ne, amma ƙararrakin da za su iya fita daga cikinsa sun sha bamban. Idan 'yar mamacin ta ce tana roƙon kotu ta raba gado ta ba ta kasonta, ƙarar gado ce, kuma idan mamacin Musulmi ne kotun shari'ar Musulunci ce gidanta. Idan mai sayen ya ce yana roƙon kotu ta tabbatar masa da mallakar gidan, ƙarar ƙasa ce, kuma tunda filin yana da takardar mallaka ta gwamna, babbar kotun jiha ce kaɗai ke da hurumi. Idan ɗan da ya sayar ya ce a biya shi cikon kuɗinsa, ƙarar bashi ce da ta taso daga yarjejeniyar ciniki. Idan maƙwabci ya nemi diyyar katangarsa, ƙarar ɓarna ce da ƙetare iyaka. Idan kuma aka nemi 'yan haya su tashi, ƙarar karɓar gida ce daga ɗan haya, wadda ke da nata notis da nata sharuɗɗa.

Sau da yawa mutum yana da buƙata fiye da ɗaya, kuma doka ba ta hana a haɗa su ba, amma dole ne a san wacce ce uwa, waɗanne ne 'ya'ya. Shari'ar Tukur da Gwamnatin Jihar Gongola ta 1989 ita ce abin kafa hujja a nan. An tuɓe Sarkin Muri Alhaji Umaru Abba Tukur a 1986, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano a matsayin ƙarar kare 'yancin ɗan'adam, amma Kotun Ƙoli ta ce tushen rikicin sarauta ne, kuma kotun da ba ta da hurumi a kan babbar buƙata ba za ta saurari ƙananan buƙatun da ke rataye da ita ba. Har yau ana korar ƙararrakin kora daga aiki, da na fili, da na sarauta waɗanda aka yi wa rigar 'yancin ɗan'adam don a samu saurin saurare.

Mataki na uku: a sanya buƙatar cikin rukuninta, a duba kotun da ke da hurumi

Rukunin bashi da yarjejeniya shi ne ya fi yawa: ciniki, rance, kwangila, dillanci, haɗin jari. A nan adadin kuɗin ne ke nuna kotu. Ƙananan kuɗi suna zuwa gaban majistare, wanda a jihohin Arewa da dama idan ya zauna shari'ar madaniyya ake kiran kotunsa kotun gunduma, kuma kowace jiha ta ƙayyade iyakar kuɗin da kowane matakin majistare zai iya saurare. Abin da ya haura wannan iyaka sai babbar kotun jiha, wadda sashe na 272 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi mai faɗi. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018 domin bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60, Kano kuma ta bi sahu a 2019. Ga ɗan kasuwar da bashinsa a fili yake, wannan hanya ta fi kowace sauƙi, domin fom ake cikawa kuma ba dole sai da lauya ba. Musulmi biyu da suka yi ciniki suna kuma iya zuwa kotun shari'ar Musulunci a jihohin da ke da ita.

Rukunin ƙasa da gidaje ya fi kowanne tarko. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba filaye gida biyu. Sashe na 39 ya keɓe wa babbar kotun jiha duk rikicin filin da ke ƙarƙashin iznin mallaka na gwamna, wato galibin filayen da aka ayyana a matsayin birni, sashe na 41 kuma ya ba kotun yanki ko makamanciyarta hurumi a kan filin da ke ƙarƙashin iznin gargajiya na ƙaramar hukuma, kamar gonakin karkara. A shari'ar Adisa da Oyinwola ta 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa babbar kotu ma tana iya sauraren rikicin filin karkara. Abin lura shi ne, gonar da ake nomawa a bayan gari tana iya kasancewa cikin yankin da gwamna ya riga ya ayyana a matsayin birni, don haka sai a bincika a ma'aikatar ƙasa kafin a zaɓi kotu. A cikin rukunin ma akwai bambanci: wanda ke neman a tabbatar masa da mallaka dole ya kafa hujjar asalin mallakarsa, ta tarihin gado, ko takardu, ko daɗewar riƙo, kamar yadda shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta zayyana hanyoyi biyar, alhali wanda ke ƙarar an shigar masa fili kawai, riƙon da yake yi wa filin ya ishe shi hujja a kan kowa ban da mai mallaka na haƙiƙa.

Rukunin iyali da gado yana bin irin dokar da aka ƙulla al'amarin a kanta. Auren Musulunci, da saki, da khul'i, da ciyarwa, da riƙon yara, da wasiyya, da waƙafi, da kyauta, da rabon gado, duk na kotun shari'ar Musulunci ne, ko kotun yanki a inda ba a sauya tsarin ba, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ikon sauraren ɗaukaka ƙara a kansu. Auren da aka ɗaura a rajista ko a cocin da ke da lasisi kuwa, babbar kotu ce kaɗai ke raba shi a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma ba a shigar da ƙarar rabuwa kafin auren ya cika shekara 2 sai da iznin kotu, in ban da wasu 'yan dalilai da dokar ta ware. Tantance rukuni a nan yana da tasiri har bayan hukunci: a shari'ar Magaji da Matari ta 2000, Kotun Ƙoli ta ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ba ta da hurumi a kan rikicin mallakar fili da bai shafi gado, ko wasiyya, ko kyauta, ko waƙafi ba. Wanda ya sha kaye a rikicin gona ya ɗaukaka ƙara zuwa can, ya ɓata shekarunsa.

Rukunin ɓarna ya ƙunshi sakacin direba ko ma'aikacin lafiya, da ɓata suna, da duka, da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, da cutar da maƙwabci ta hanyar hayaƙi ko kwatami. Buƙatar a nan diyya ce, kuma wajibi ne a raba diyyar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin asibiti da gyaran mota, wadda sai an jera ta dalla-dalla an kawo rasit, da diyyar wahala da zubewar mutunci wadda alƙali ke ƙiyastawa.

Duk rikicin da ya taso daga aiki, albashi, kora, fansho, ko ƙungiyar ƙwadago, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke saurarensa tun bayan gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010, wanda ya shigo da sashe na 254C. Wannan ya haɗa da ma'aikacin kamfani mai zaman kansa.

Babbar Kotun Tarayya kuma sashe na 251 ya keɓe mata kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da kwastan, da tafiyar da kamfanoni, da haƙƙin mallakar fasaha, da jiragen ruwa da na sama, da ma'adinai, da ƙalubalantar matakan gudanarwa na hukumomin tarayya. Kuskuren da aka saba yi shi ne zaton cewa duk ƙarar da sunan hukumar tarayya ya fito a cikinta can za ta. A shari'ar Onuorah da Kamfanin Matatar Mai ta Kaduna ta 2005, Kotun Ƙoli ta ce yarjejeniyar ciniki zalla ta babbar kotun jiha ce ko da ɗaya ɓangaren na tarayya ne. Rikicin mai ajiya da bankinsa kuwa ana iya kai shi kowace daga cikin kotunan biyu.

Ƙarar kare 'yancin da ke Babi na 4 na Tsarin Mulki tana zuwa babbar kotu ta jiha ko ta tarayya bisa ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, muddin tauye 'yancin shi ne babbar buƙata.

Mataki na huɗu: a tabbatar da masu shari'a da wurin shari'a

Mai ƙara ya nuna matsayin da yake tsaye a kai: a karan kansa, ko a madadin magada, ko a matsayin wakili mai takardar wakilci. Kamfanin da aka yi wa rajista mutum ne a idon doka, kuma da cikakken sunansa na rajista ake ƙararsa, ba da sunan manajansa ba. Shagon da sunan kasuwanci kawai yake da shi kuwa, mai shi ake ƙara a ambaci sunan shagon a gefe. Kotun shari'ar Musulunci ba ta hukunta wanda ba Musulmi ba sai da amincewarsa. Game da wuri, ƙarar fili ana shigar da ita ne a jihar da filin yake, ta yarjejeniya kuma inda aka ƙulla ta, ko inda za a cika ta, ko inda wanda ake ƙara yake zaune. Idan za a kai sammacin babbar kotu wata jiha, doka ta wajabta a yi wani rubutu na musamman a jikinsa da ke nuna hakan, kuma a ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 ya amsa.

Mataki na biyar: a lissafa wa'adi, a cika sharuɗɗan gabanin ƙara

Kowane rukuni yana da agogonsa. A Legas ƙarar yarjejeniya shekara 6 ce, ta karɓar fili shekara 12, a wasu jihohin kuma wa'adin ya fi haka gajarta, don haka dokar jihar da za a shigar da ƙarar ita ce abin dubawa. Ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya aikata a bakin aikinsa wata 3 kacal dokar tarayya ta ba ta, ko da yake kotuna sun cire rikicin kwangila da na fili daga wannan ƙa'ida. Koken zaɓe kwana 21 ne daga bayyana sakamako, rikicin gabanin zaɓe kuma kwana 14. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci ke bi akwai hukuncin hauzi: wanda yana nan yana gani bare ya riƙe filinsa shekara 10 bai yi magana ba, kuma babu uzurin da ya hana shi, ba a sauraren da'awarsa, tsakanin dangi kuwa wa'adin yakan kai shekara 40, kuma hauzi ba ya aiki a kan aro, ko jingina, ko amana.

Ƙananan hukumomi da hukumomin gwamnati da yawa dokar kafa su ta ce sai an ba su rubutacciyar sanarwar niyyar ƙara, yawanci ta wata ɗaya. Mai gidan haya kuma, idan yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani wa'adi ba, a jihohi da dama ɗan hayar wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, na shekara-shekara na wata 6, sannan bayan ƙarewarsa a ƙara ba shi sanarwar kwana 7 ta niyyar karɓar gida. Idan a cikin yarjejeniya akwai sharaɗin kai saɓani gaban mai sasantawa, ɗaya ɓangaren yana iya sa kotu ta dakatar da ƙarar har sai an bi wannan hanya, bisa dokar sasanci ta 2023.

Mataki na shida: a zaɓi takardar buɗe ƙara

A babbar kotu hanyoyin huɗu ne, kuma tambayar da ke raba manyan biyun ita ce ko akwai jayayya a kan abin da ya faru. Idan kowa da nasa labarin, kamar rikicin fili, ko zamba, ko ɓata suna, sammaci na gama-gari ake ɗauka, a haɗa shi da cikakken bayanin da'awa, da jerin shaidu, da rubutaccen jawabin kowane shaida bisa rantsuwa, da kwafin duk takardun da za a dogara da su. Idan kuwa kowa ya yarda da abin da ya faru, ma'anar wata doka ko wasiyya ko yarjejeniya kawai ake jayayya a kai, sammacin neman fassara ake ɗauka, wanda ake yanke shi a kan takardun rantsuwa ba tare da kiran shaidu ba. Lauyoyi suna son wannan hanya saboda saurinta, amma idan takardun rantsuwar ɓangarorin suka ci karo da juna, alƙali zai mayar da ƙarar hanyar farko, a koma baya. Raba auren rajista, da rufe kamfani, da ƙalubalantar zaɓe a kotun zaɓe, da takardar koke ake buɗe su. Neman babbar kotu ta soke matakin wata ƙaramar kotu ko hukuma, ko ta tilasta mata yin aikinta, da takardar roƙo ake fara shi.

Ga bashin da adadinsa tabbatacce ne kuma akwai shaidarsa a rubuce, akwai gajeriyar hanya ta jerin ƙararrakin da ba su da kariya, ko hukuncin gaggawa a jihohin da suka sauya tsari. Mai ƙara ya rantse cewa wanda ake bi ba shi da abin kare kansa, idan kuma shi bai shigar da rantsuwar da ta nuna kariya mai ma'ana kafin ranar zama ba, a yanke hukunci nan take. Ana lalata wannan dama ne idan aka cusa diyyar ɓacin rai ko ribar da ba a yi yarjejeniya a kanta ba, domin da zarar adadin ya zama abin ƙiyasi, ƙarar ta fita daga wannan layi.

A kotun shari'ar Musulunci abin ya fi sauƙi a takarda, domin mai ƙara yana iya faɗin da'awarsa da baki a rubuta. Amma sharaɗin da'awa shi ne ta kasance bayyananniya: nawa ne kuɗin, ta wane dalili ake binsa, ina gonar take, su wa ta yi iyaka da su gabas da yamma, kudu da arewa. Alƙali ne zai tantance wane ne mudda'i, wanda kawo hujja ke kansa, da wanda rantsuwa ke kansa, kuma ba lallai ne wanda ya fara zuwa kotu ya zama mudda'i ba.

Mataki na bakwai: a rajista

Rajistara zai duba takardun ya ƙiyasta kuɗin shigarwa gwargwadon nau'in ƙarar da adadin da ake nema, a biya ta hanyar da kotu ta tanada a karɓi rasit, sannan a ba ƙarar lamba. Lambar kanta tana nuna rukunin: a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ƙarar madaniyya tana farawa da FHC/KN/CS, sai lamba da shekara. Mai ƙara ya duba cewa lauyansa ya sa hannu da sunansa na kansa, domin a shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta soke takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi. Idan hujjar saƙon WhatsApp ce ko sanarwar shigar kuɗi ta waya, a tanadi takardar da ke tabbatar da ingancin na'urar da aka ciro hujjar daga cikinta, wadda sashe na 84 na Dokar Shaida ya nema. Karɓar takardu da rajistara ya yi ba ya nufin kotu tana da hurumi, wannan hukuncin alƙali ne.

Idan daga baya aka gane an yi kuskuren rukuni, Babbar Kotun Tarayya tana da ikon miƙa ƙarar ga babbar kotun jiha bisa sashe na 22 na dokarta maimakon ta soke ta. A wasu kotunan kuwa cire ƙarar ake yi daga jeri, a bar mai ƙara ya sake shigarwa inda ya dace, ya sake biyan kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauya ta Ƙasa da ke jiharsa, ya tafi da jimlar buƙatarsa a rubuce, da takardunsa, da ranar da abin ya faru.